Koya wa Ƙananan Yara Rarrabe Siffofi Masu Jiki ta Hanyar Wasa

Malami zai iya zana gwangwani a allo, ya sa 'yan aji ɗaya su maimaita "silinda" sau goma, su kuwa su ɗaga murya har ajin da ke makwabtaka ya ji. Washegari a miƙa wa ɗayansu guntun rake a tambaye shi wace siffa ce, sai ya yi zuru. Yaron bai yi laifi ba. Abin da ya gani a allo layuka biyu ne a tsaye da zagaye biyu masu kama da ƙwai, babu abin da ya haɗa su da raken da ke hannunsa. Siffa mai jiki tana da tsawo da faɗi da kauri, tana da baya da gindi waɗanda zane ke ɓoyewa, kuma hannu ne ke fara gane ta tun kafin baki ya iya sunanta. Don haka taɓawa da gwadawa da rarrabewa su ne kan gaba a wannan darasi. Suna ya jira sai ƙarshe.

Masana tarbiyyar yara sun daɗe da gane haka. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya buɗe makarantar ƙananan yara a 1837, cikin kayan wasan farko da ya tanada akwai ƙwallo da silinda da kiyub (akwati mai fuska shida daidai da juna) na katako, a haɗe wuri guda don yaro ya gwama su. A 1957 kuma wasu malaman lissafi 'yan ƙasar Holan, Pierre van Hiele da matarsa Dina, suka nuna cewa yaro yana fara gane siffa ne da kamanninta gaba ɗaya, ya ce "ta yi kama da akwati", sai daga baya ya lura da sassanta, ya ce "tana da fuska shida". Ba a tsallake na farko a faɗa na biyu. Aikin wasannin nan shi ne su ɗauki ɗan shekara 5 zuwa 8 daga matakin farko su kai shi na biyu.

Haɗa kaya

Ajin da ke da yara 60 a raba shi rukuni 10, kowane yara 6. Kowane rukuni yana bukatar buhu ko jakar zane ɗaya mai ɗauke da abubuwa 14 zuwa 16. Ba sai an sayi komai ba, mako guda kafin darasi a ce wa yara su kawo daga gida.

Dangin akwati ba sa wahalar samu: kwalin ashana da aka zazzage, kwalin ganyen shayi, kwalin man goge baki, sandar sabulun wanki. Dangin gwangwani ma haka: gwangwanin madara, na tumatir, kyandir, guntun bututun roba, guntun kara. A tabbata akwai gajere mai faɗi a cikinsu, irin ƙaramin gwangwanin man zafi ko murfin jarka, da kuma dogo siriri, domin yaron da gwangwanin madara kaɗai ya sani ba zai yarda murfin jarka ɗan'uwansa ne ba. Dangin ƙwallo akwai ƙwallon roba da lemo da yumɓu da aka mulmula aka busar.

Kiyub, wato akwatin da duk fuskokinsa shida daidai suke, shi ne mai wuyar samu. Akwai ƙwayar ludo da dunƙulen maggi, sai dai maggi yara na lasarsa, kuma da damina yakan jiƙe ya lalace. Abin da ya fi ɗorewa shi ne a je wurin kafinta a roƙi ragowar katako, ya yanka santimita 5 ta kowane ɓangare, ya goge da sanfefa. Haka lemo da rake, idan an sa su a buhu a san ba za su kwana biyu ba, a tanadi madadinsu.

Mazurari da dala sai an haɗa da hannu. Mazurarin zuba mai yana da bututu a ƙarshe, wannan bututun kan rikita yara, don haka na kwali ya fi. A zana da'ira mai faɗin santimita 24 a kwali mai laushi, a yanke, a raba ta biyu. Kowane rabi idan aka naɗe shi gefe ya haɗu da gefe aka manne, zai ba da mazurari mai baki faɗin santimita 12. A cusa tsumma ko takarda a ciki don kada ya lotse, a rufe bakin da da'irar kwali mai wannan faɗi. Dala kuwa, a yanka murabba'i mai santimita 10 kowane gefe, da alwatika huɗu masu gindi 10 da gefuna 12, a manne su su haɗu a tsini. Idan da hali a ƙara siffar rufin kwano, mai alwatika a kai biyu da dogayen fuskoki uku.

Kada launi ko girma ya bi siffa. Idan duk kiyub ɗin ja ne, duk ƙwallayen kuma kore, yara za su raba su daidai ba tare da sun kalli siffa ba, malami ya ɗauka sun gane. A cakuɗa. Sannan a duba lafiyar kaya: gwangwanin da aka fasa da wuƙa a buga bakinsa da guduma ya kwanta ko a naɗe shi da salatif, ban da kwalba, ban da batir, kuma a ajin 'yan ƙasa da shekara 5 kada a sa abin da zai shige baki gaba ɗaya.

Raba dangi

Ranar farko ba a koyar da komai. A zazzage buhu a tsakiyar kowane rukuni a ce: "Ku haɗa kowa da danginsa." A ba su minti 10. Wasu za su raba ta launi, wasu su ce na ci da waɗanda ba na ci ba, wasu na ƙarfe da na kwali. Kada a ce sun yi kuskure, duk rarrabewa ce, kuma ita ake so su saba da ita. Malami ya zagaya yana tambaya ɗaya: "Me ya sa wannan yake nan?" Da an gama sai ya ce su sake rabawa ta wata hanya dabam. A zagaye na biyu ko na uku, bayan launi da girma sun ƙare musu, wani zai ce "waɗannan mulmulallu ne, waɗannan masu kusurwa." Nan ake son zuwa. A tsayar da aji duka su ji daga bakinsa.

Daga nan sai wasan "Gano dokata". Malami ya zana layi a ƙasa, ya riƙa ɗaukar abu ɗaya ɗaya yana ajiyewa dama ko hagu bai ce uffan ba. Bayan abu biyar ko shida, ya ɗaga na gaba ya tambaya ina zai tafi. Wanda ya gano dokar shi zai tsara ta gaba.

Gangare

Wannan shi ne wasan da ya fi kowane amfani, ya cancanci darasi biyu. Ana bukatar katako mai santsi tsawon mita 1. A jingina kansa ɗaya a kan abin da ya kai santimita 40 zuwa 45, wato kusan tsayin benci. Ko kusa kada a yi amfani da allon karatun Alƙur'ani. Malami ya gwada gangaren tun kafin yara su shigo: idan ya kwanta da yawa kwali ba zai motsa ba, yara su ce akwati ba ya zamewa, idan ya miƙe da yawa kiyub zai riƙa tuntsurawa, su ce yana mirginawa. Sabulu da abin roba sukan maƙale ko a gangare mai kyau, wannan daga kayan da aka yi su ne, ba daga siffarsu ba, sai a bar su a gefe a wannan wasa.

Kafin a saki kowane abu, a tambaya: zai mirgina ko zai zame? Masu cewa zai mirgina su ɗaga hannu, a ƙirga, sannan a saki. Hasashen nan shi ne darasin. In an tsallake shi, wasan ya koma kallon kaya na gangarowa. Kuma sakin abu ake yi, ba turawa ba.

Ƙwallo zai mirgina ta ko'ina aka ajiye shi. Kwalin ashana zai zame ta ko'ina. A zana da'ira biyu a ƙasa da alli ko toka, ɗaya ta masu mirginawa ɗaya ta masu zamewa, a ware da juna. Sai a kawo gwangwani. A kwance ya mirgina, a tsaye ya zame. Ina za a sa shi? Malami ya yi haƙuri ya bar su su yi gardama, kada ya yi saurin raba musu. Idan sun gaji, ya sake zana da'irorin ta yadda za su shiga juna, gwangwani ya zauna a tsakiya. Yaran da suka sha wannan gardama ba sa manta cewa gwangwani yana da fuska shimfiɗaɗɗiya kuma yana da jiki lanƙwasasshe.

Mazurari ma tsakiya zai shiga, amma a sa su lura da tafiyarsa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa: ba ya miƙewa, zagaye yake yi yana kewaya tsininsa, domin ɓangaren mai faɗi yana cin tafiya mai yawa a kowane juyi, tsinin kuwa kusan yana wuri guda. Fensir mai gefe shida zai kawo ruɗani, don yana gangarawa alhali fuskokinsa shimfiɗaɗɗu ne. A sa su saurara: yana yin ƙara kar-kar-kar, saboda faɗuwa yake yi daga fuska zuwa fuska. Kyandir ba ya yin wannan ƙara. Bambancin tuntsurawa da mirginawa ke nan.

A rufe da tambayar da ta haɗa komai: me abu yake bukata kafin ya mirgina? Amsar da ake nema ita ce lanƙwasa, ko da da wace kalma suka faɗe ta.

Gini da lalube

Gasar gini gajeriya ce, minti 10 ya isa. Kowane rukuni ya gina hasumiya mafi tsayi da abubuwa shida daga buhunsa. Da kansu za su gano cewa ƙwallo ba ya zama kuma ba a zama a kansa, dala da mazurari sai dai a can ƙoli, gwangwani yana ɗaukar kaya a tsaye amma ba a kwance ba. A tuna musu yadda mai tireda yake jera gwangwanayen madara kan juna, mai lemo kuwa sai ya kasa uku a ƙasa ya ɗora ɗaya a ramin tsakiya.

Lalube ya fi bukatar natsuwa. A saka abu ɗaya a jaka mai kauri wadda ba a ganin ciki. Yaro ya zura hannu biyu, ba ɗaya ba, don da hannu biyu ake jin kai da gindi lokaci guda. Dokar ita ce ba zai faɗi sunan abin ba, zai siffanta shi kamar kacici-kacici: "Ina da fuska biyu masu zagaye, ba ni da kusurwa, wane ne ni?" Sauran su nuna ɗan'uwansa a cikin kayan da ke gabansu. Idan sun kasa su ce "mun ba ka gari", kamar yadda ake yi a dandali, shi kuma ya fito da abin. Matsalar da aka fi samu ita ce yaro ya ce "yana da sanyi" ko "yana ƙamshin sabulu". A karɓa, sannan a ja shi: "To kusurwa fa, akwai? Nawa ka ji?" Yaro mai raunin gani yakan yi fice a wannan wasa, a ba shi dama ya jagoranta.

Sawun siffa

Kuskuren da ya fi daɗewa a kan yara shi ne kiran ƙwallo da'ira, kiyub kuma murabba'i. Maganinsa yashi. A zuba jiƙaƙƙen yashi a faranti, kaurin santimita 3, a daddale. Yaro ya danna gindin gwangwani ya ɗaga. Abin da ya rage a yashi da'ira ce, abin da ke hannunsa gwangwani ne. Da'ira sawu ce, ba a iya ɗaga ta. A maimaita da kowace fuska ta kowane abu.

Sannan a juya wasan. Yara su rufe ido, malami ya yi sawu, su buɗe su gano na wane ne. Sawun da'ira zai iya zama na gwangwani ko na mazurari. Sawun murabba'i zai iya zama na kiyub, ko gindin dala, ko kan wani dogon kwali. Idan yaro ya ce "Malama, sai an ƙara mana sawu na biyu kafin mu sani", to ya fara tunanin lissafi na gaske, a yaba masa a gaban kowa. A ƙarshe a ɓare takardar da ke naɗe a jikin gwangwani a shimfiɗa ta. Za su ga doguwar siffa mai kusurwa huɗu irin ta ƙofa, abin da ba wanda ya zata zai fito daga jikin mulmulallen abu.

Ƙirga fuska da gefe da kusurwa

Sai a mako na biyu za a shiga ƙirga. Fuska ita ce inda tafin hannu ke kwanciya. Gefe shi ne layin da fuska biyu suka haɗu, ana bin sa da yatsa. Kusurwa ita ce inda gefuna suka taru, tana sukar yatsa. Yaro yana juya kwali yana ƙirgawa, sai ya ƙirga fuska ɗaya sau biyu ko ya manta ta ƙasa, ya samu 5 ko 7. A ba shi alli ya ɗiga alama a duk fuskar da ya ƙirga. Gefuna kuwa a ƙirga su kashi-kashi: 4 na sama, 4 na ƙasa, 4 na tsaye.

Hanyar da ta fi zaunar da gefe da kusurwa ita ce gina ƙashin siffa. A yanka tsinken tsintsiyar kwakwa santimita 8, a mulmula yumɓu girman gyaɗa. Inda ake samun kara, totuwarsa tana maye gurbin yumɓu, yaran karkara ma sun riga sun iya yin mota da ita, sai dai ɓawon kara yana yanka yatsa, babba ya fere musu. Kafin a raba kaya, rukuni ya faɗi tsinke nawa da yumɓu nawa yake bukata, a ba shi daidai abin da ya nema. Wanda ya nemi tsinke 8 don kiyub zai tsaya a rabin hanya ya sake lissafi. Kiyub da akwati suna cin tsinke 12 da yumɓu 8, fuskokinsu 6. Dala mai gindin murabba'i tsinke 8, yumɓu 5, fuska 5. Siffar rufin kwano tsinke 9, yumɓu 6, fuska 5. Kiyub ɗin tsinke zai yi ta karkacewa, dala kuwa ta tsaya kyam, saboda alwatika ba ta sauya siffa sai in gefenta ya karye. Dalilin da ya sa kafinta ke haɗa katakon rufi alwatika-alwatika ke nan. In yumɓu ya yi ruwa da yawa ginin zai zube, a kwaɓa shi da tauri.

Malami na da hanyar duba kansa wadda aka sani da sunan masanin lissafi Leonhard Euler: a siffofin nan masu shimfiɗaɗɗun fuskoki, fuska a tara da kusurwa a debe gefe, 2 ake samu. A kiyub 6 da 8 sun zama 14, a debe 12. Wannan na malami ne, ba na yara ba, kuma ba ya aiki a kan gwangwani da mazurari da ƙwallo. Game da waɗannan ukun littattafai sun saɓa, wani ya ce gwangwani fuska 3 gare shi, wani ya ce 2. A koya wa yara cikakkiyar magana: shimfiɗaɗɗun fuskoki biyu da lanƙwasasshen jiki ɗaya. Mai wannan amsa ba zai ruɗe ba ko wane littafi ya tarar.

Sunaye da baƙin siffofi

Yanzu ne lokacin sunayen da za su tarar a littafi da jarrabawa: kiyub, kuboyid ga dangin akwati, silinda ga dangin gwangwani, kon ga mazurari, sifiya ga ƙwallo, firamid ga dala. Biyu a rana sun isa, kuma kullum da abin a hannu. Dala ba baƙuwa ba ce ga wanda ya taɓa ganin hoton dalar gyaɗa ta Kano ko dalolin Masar. 'Yan Islamiyya kuma za su ji daɗin sanin cewa kiyub a Larabci muka'ab ne, tushensa ɗaya da sunan Ka'aba, ko da yake tsawon Ɗakin da faɗinsa da tsayinsa sun ɗan bambanta. A kuma gaya musu gaskiya cewa kiyub ɗan dangin akwati ne wanda gefunansa suka zo daidai, kamar yadda kowane Bakano ɗan Najeriya ne amma ba kowane ɗan Najeriya ne Bakano ba.

Wasan shago yana gwada sunaye da siffantawa tare. Yaro ɗaya ya zauna da kaya, mai saye ya zo: "Salamu alaikum mai shago, a ba ni abin da ke mirginawa kuma yana da tsini." Idan mai shago ya miƙa abin da bai dace ba, mai saye ya faɗi dalilin da ya sa ba zai karɓa ba. A riƙa sauya matsayi kowane minti 3, in ba haka ba manyan yara za su riƙe kaya, ƙanana da masu kunya su zama 'yan kallo.

A tanadi kwando ɗaya na baƙi, don abubuwan da ba su shiga kowane dangi ba. Ƙwai ba ƙwallo ba ne, kansa ɗaya ya fi tsini. Bokiti ba silinda ba ne, bakinsa ya fi gindinsa faɗi. Ƙwarya ta yi kusa da rabin ƙwallo. Tubalin gargajiya na ginin ƙasa mai faɗin gindi ne da siririn kai, ba kamar bulon siminti ba. Bukka kuwa siffa biyu ce, silinda a ƙasa, kon a sama. Kada a tilasta wa baƙo shiga dangin da ba nasa ba don a huta, yin haka yana rushe duk dokar da yara suka gina.

Don a san ko darasi ya zauna, a kira yaro shi kaɗai a ba shi abubuwa uku da bai taɓa gani a buhu ba, misali guntun alli, bulo, da lemon tsami, a ajiye su a karkace ko a kwance, ba yadda aka saba nuna su ba. Ya faɗi danginsu da dalili. Wanda ya ce alli silinda ne "don yana mirginawa kuma kansa biyu zagaye ne" ya wuce, sai a kai shi ga warware kwali a shimfiɗe don ya ga fuskoki shida a jere ya sake naɗewa. Wanda ya faɗi suna daidai amma ya kasa kawo dalili, ko ya ce silindar da aka kwantar ta zama wani abu dabam, a mayar da shi kan gangare da farantin yashi na kwana biyu, a rukuni ƙarami na yara uku.